Gandiroba, Ɗan Kama, Fursuna: Rayuwar Rabilu Musa Ibro

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiyar ba ta cika awa guda ba, in hanya ta yi kyau kuma masu shinge sun tashi da sassauci. Daddara na bakin wannan titi. Gaba kaɗan sai Magama, inda mai niyyar Nijar ke karkata ya nufi bakin iyaka, ya faɗa Ɗan Isa, ya zarce Maraɗi. Kowa ya san kayan da ke bin hanyar nan: shinkafa da taliya da gwanjo su shigo, fetur da kayan masarufi su fita. Amma a shekarun farko na 2000 akwai wata haja da ba a cika sa ta a lissafi ba, alhali kusan kowace mota mai tsallakawa tana ɗauke da ita, wato kaset ɗin bidiyo daga Kano, daga baya kuma faifan sidi. A cikin tarin kaset ɗin nan, wanda dillali ba ya fargabar ya yi masa kwantai shi ne mai hoton wani siririn mutum da doguwar jar hula, ya zaro ido, ya karkace baki.

Garuruwa irin su Daddara ba su taɓa samun silima ba. Abin da suke da shi gidan kallo ne na zana ko na langa-langa, da benci, da janareta mai tari, sai kuma teburin mai shayi da ya ɗora 'yar talabijin a kan akwati. Masu waɗannan wurare su ne alƙalan fim na gaskiya, domin aljihunsu ne ke faɗa musu abin da ya karɓu. Fim ɗin soyayya na 'yan birni, da falo da kujeru da mota, yana da masu kallonsa. Amma ranar da aka ce akwai sabon Ibro, har dattijon da ke zagin 'yan fim da rana yakan raɓe a bakin zana da dare, wai jikansa ya zo nema.

Rabilu Musa, wato Ibro, bai taɓa zama ɗan Katsina ba. Amma in ana son a gane shi, gara a dube shi daga irin wannan gari da a dube shi daga Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, domin mutanen karkara da na bakin hanya su ne suka ɗaga shi, su ne kuma yake kwaikwayo.

An haife shi a 1971 a ƙauyen Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta yanzu a jihar Kano. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, ya yi shekara takwas yana gandiroba kafin ya ajiye kaki. Abu biyu ke nan da masu kallo da yawa ba su sani ba: mutumin da ya yi suna da fitowa a gidahumin da bai san bihim ba, horon malanta ya samu, wanda kuma ya sha fitowa a ɓarawon akuya da macuci, ya daɗe yana riƙe da mabuɗin ɗakin da ake kulle irinsu. Gidan yari makaranta ce ga mai kunne. Kowane irin harshe na shiga cikinsa, da kowace irin ƙarya, da kowane irin rantsuwa. Wanda ya shekara takwas yana jin yadda mai laifi ke wanke kansa, ba sai an rubuta masa abin da zai faɗa a gaban alƙalin wasa ba.

Tun kafin kyamara ta san da zamansa yana wasan daɓe a yankin Wudil shi da abokansa. Fim ɗin da ake lissafawa a matsayin na farkonsa shi ne 'Yar Mai Ganye, a ƙarshen shekarun 1990. Lokacin sana'ar fim ɗin Hausa na bidiyo ba ta cika shekara goma ba, tunda a 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Sunan Kannywood ma sai a 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa shi a mujallar Tauraruwa, shekarar da mujallar Fim ta fara fitowa. Ibro ya shigo daidai lokacin da kasuwa ke buɗewa, aka kuma raba ta gida biyu: 'yan santimental masu soyayya da waƙa irin ta Indiya, da 'yan camama masu ban dariya. Na farko su ke da kwalisa da hira a jarida. Na biyu su ke da ƙauye.

Gadon da ya tarar

A Legas, in aka ce mai barkwanci, abin da ke zuwa rai shi ne mutum guda da makirufo a gaban zauren da aka sayi tikiti. Ali Baba ne ya mai da wannan sana'a mai daraja a can, sannan shirin Night of a Thousand Laughs na Opa Williams, da aka fara a 1995, ya yaye matasa da dama. Wasu na ɗauka ƙasar Hausa ba ta san wannan fasaha ba. Ta sani, tun kafin a san makirufo. Ɗan kama shi ne mai ita.

Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a da ya san shi. Ga ƙaton rawani, ga takobin itace a rataye, ga gafaka cike da takardun da ba karatu a ciki. Zai tsaya a tsakiyar da'ira ya gyara murya irin ta babban malami, ya ɗauko karatu da ƙira'a, amma duk bayanin na tuwo ne da fura da naman kai. Ya ɗauko waƙar wani shahararren makaɗi ya juye ta ta koma kirarin ƙosai. Malamai da kansu kan yi dariya su ba shi kuɗi, domin kowa ya san iyakar wasan. Wani Bature mai nazarin Hausa, C. G. B. Gidley, ya rubuta doguwar maƙala kan 'yankamanci a 1967, tun sana'ar na da sauran ƙarfinta. Ban da ɗan kama akwai 'yan gambara masu zambo da batsa a kasuwa, akwai wawan sarki da ke faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba, akwai tashe na watan azumi inda yara ke kwaikwayon mai rowa da malalaci da tsohon banza, a Kano kuma Nalako, sarkin gwauraye, na farautar gwauraye.

Dukan waɗannan suna da abu guda: al'ada ta yanka musu fili, ta kuma kewaye shi. Ɗan kama na da rawaninsa da ke shaida wa kowa cewa wasa ne. Tashe na da watansa. Wawan sarki na da ubangidan da ya tsaya masa. Haka wasan da ke tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu: Bakatsine da Banufe, Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. Kowa ya san da wa zai yi, ya kuma san za a rama. A Nijar sun ɗauki wannan da muhimmanci har suka kai shi gaban UNESCO, wadda ta sa wasan barkwancin dangi na ƙasar cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a Nuwamban 2014. Ga mutanen Jibiya da Maraɗi wannan ba labari ba ne. Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi su ne suka kafa Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Abin da ya ba mutumin Daddara dariya zai ba mutumin Madarumfa, ba tare da tafinta ba.

Da rediyo da talabijin suka zo, sai aka sami wani zubin. Usman Baba Pategi, ɗan sarautar Nupe kuma tsohon soja, ya zama Samanja Mazan Fama a Kaduna, da Hausarsa ta bariki. (Katsinawa dai sun sami Banufen tsokana a akwatin talabijin, ba kuma yadda zai ji su balle ya rama.) Ƙasimu Yero na Zariya ya yi Karambana. Jos ta fitar da Karkuzu na Bodara. Waɗannan ma'aikatan tasha ne ko 'yan ƙungiyar da tasha ta ɗauka, wasansu na bi ta hannun furodusan gwamnati, kuma kusan kullum akwai darasin tsafta ko na biyan haraji a ƙarshe.

Ibro bai biyo ta wannan layi ba. Ya tsallake su ya koma wa ɗan kama, sai dai shi kasuwarsa kaset ce. Jar hular ita ce rawaninsa. Juya waƙar wani ta koma abin dariya, wanda ya yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa, aikin ɗan kama ne tsantsa. Abin da bai gada ba shi ne katangar da al'ada ta gina wa ɗan kama. Wannan rashi ne ya biyo shi daga baya.

Yadda ake dafa camama

Fim ɗin camama ba ya son dogon shiri. A sami ƙauye kusa da Kano, gidan ƙasa, akuya biyu, kyamara ɗaya. Sau da yawa ba rubutaccen labari, sai dai darakta ya ce: kai ka ci bashin mai koko, ga shi ta biyo ka gida, ga kuma surukinka ya zo. Sauran magana ta ɗan wasa ce. A irin wannan fage ne ake gane mai baiwa, domin ba marubucin da zai ɓuya a bayansa. Ibro na da saurin baki, amma ba shi ne babban makaminsa ba. Makaminsa shi ne jinkiri: yadda zai yi shiru bayan an kama shi dumu-dumu, ya dubi mai ƙara, ya dubi sama, kana ganin ƙaryar tana haɗuwa a fuskarsa kafin ta fito. Mai kallo ya riga ya fara dariya tun bai buɗe baki ba. Ga kuma jiki da ke yi masa biyayya, tafiya kamar iska za ta ɗauke shi, gudu kuwa in rigima ta ɓaci ba a magana.

Ba shi kaɗai yake ba. Tsigai da Dumɓaru sun sha zama matan da ke gasa masa aya a hannu, ga Yautai da Katakore, ga Baba Ari, daga baya ga Daushe da Bosho. Waƙoƙin da jama'a ke cewa na Ibro, da yawansu muryar Sadi Sidi Sharifai ce, wanda ya iya shaƙe murya ta koma ta Ibro har ba ka bambancewa. Shi Ibro nasa hawa waƙar da rawa. Bayanin Naira, Idi Wanzami da Direba Makaho sun zaga tashoshin mota da shagunan caji, yara na rerawa ba su san wa ya shiga situdiyo ba.

Halin da ya fi fitowa da shi guda ne, ko da an canja masa sana'a: talaka mai wayon banza, wanda ke shirya dabarar cin bulus ta ƙare a kansa. Gizo ne na tatsuniya aka sa wa hula. Abin da ya sa mutanen karkara ba su ji haushinsa ba, ko da yake su yake kwaikwayo, shi ne baƙauyen Ibro ba ya jin kunyar ƙauyancinsa. Yakan shiga birni ya taka kafet da takalmi, ya tambayi alhaji abin da kowa ke tsoron tambaya, a kore shi, ya fito yana mita kamar shi aka zalunta. A finafinan 'yan birni baƙauye mai gadi ne ko ɗan aike, ya yi magana biyu ya ɓace. A camama shi ne mai fim ɗin, sunansa ne a kwali.

Sunan ma ya zama hatimin kasuwa. Duk abin da ya tashe a duniya sai an liƙa masa Ibro a gaba. Da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya cika gari, sai ga Ibro Awilo. Da aka ga jama'a sun mutu kan finafinan Indiya, sai ga Ibro Ɗan Indiya. A 2002, 'yan watanni bayan harin 11 ga Satumba, lokacin da hoton Usama bin Ladan ke manne a bayan motocin haya da babura a Kano, aka fitar da Ibro Usama, bayansa kuma Ibro Saddam. Wasu malamai sun yi tir da na Usama, suna ganin an mai da abin girmamawa abin wasa. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Bajamushe Matthias Krings sun yi rubutu a kan waɗannan finafinai. Abin lura a nan shi ne ƙarfin hali: a shekarar da gari ya ɗauki zafi, ba wanda ya isa ya taɓa wannan batu a bainar jama'a sai mai jar hula, ya taɓa kuma aka saya.

Ba duka aikinsa ne abin yabo ba, kuma ƙaunar mamaci ba ta hana a faɗa. Finafinan sun yi yawa ƙwarai, da dama cikinsu maimaici ne, an yi su cikin gaggawa don a riski kasuwar mako. Akwai waɗanda in ka cire minti goma na Ibro, sauran ba abin kallo. Akwai kuma matsalar kwaikwayon ƙabilu da masu lalura: Bafillace, Bagware, Bamaguje, makaho, kurma, mai in'ina. Za a ce ai wasan dangi ne, mun gada. Amma wasan dangi fuska da fuska ake yin sa, wanda aka tsokana na tsaye zai mayar da martani, a tashi kowa ya sha. Kaset hanya ɗaya yake tafiya. Bagwaren da yaran unguwa suka bi da muryar da suka koya a fim ba shi da inda zai rama. Wannan ba laifin Ibro shi kaɗai ba ne, laifin zubin ne gaba ɗaya, amma shi ne babba a cikinsa.

Wata biyu a gidan da ya sani

Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Shekarun farko an yi zaman doya da manja amma ana aiki. A Agustan 2007 sai wani bidiyon tsiraici na wata 'yar fim ya fita ta wayoyin hannu, gari ya ɗauka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisbah, a kan hukumar. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka fito da sababbin sharuɗɗa, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. Adam A. Zango na cikin waɗanda aka fara ɗaurewa, a kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya.

A Oktoban 2008 layi ya zo kan Ibro. Aka gurfanar da shi tare da abokin aikinsa Lawal Ƙaura, bisa tuhumar gudanar da kamfani ba rajista da kuma rawar da aka ce ta saɓa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko. Aka yanke musu wata biyu. A takarda ke nan. A bakin gari kuwa wani zancen ake yi: cikin fim ɗin akwai waƙar Mamar, wadda ke shaguɓe ga wani yadi mai ratsi-ratsi, yadin da aka san gwamna na yawan sawa, har yara suka mai da waƙar abin tsokanar duk wanda suka gani da shi. Hukuma ba ta ce don haka ta kama shi ba. Jama'a dai ba su fasa faɗa ba. Kafin shekarar ta ƙare an ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama shi ma.

Tsohon gandiroba ya koma gidan yari ta ƙofar da ya saba shigar da wasu. Da a fim aka rubuta haka, da an ce marubucin ya cika gishiri.

A nan ne rashin katangar nan ya fito fili. Wawan sarki na iya yi wa rigar sarki dariya a gaban fada, sarki ya murmusa ya jefa masa kyauta, domin dariyar ta tsaya a zaure, kuma wawan nasa ne. Ibro ba na kowa ba ne. Dariyarsa kuma ba ta tsaya a zaure ba, ta hau mota ta tafi Jibiya da Maraɗi da Damagaram da Agadas, ta shiga zangon Hausawa na Kumasi da Accra, ta isa wurin 'yan ci-rani a Sudan da Saudiyya. Mai mulkin zamani ya gaji fadar amma bai gaji haƙurin da ke tafiya da ita ba, ga shi kuma yana da abin da sarkin da ba shi da shi: dokar rajista, da takardar shaidar tacewa, da kotun da ke zama ta yanke hukunci a yini guda. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake haka ba. A Masar wata kotu ta yanke wa Adel Imam, babban ɗan barkwancin Larabawa, wata uku a 2012 kan finafinan da ya yi shekaru da dama kafin nan, sai a ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Bambancin shi ne Adel Imam bai kwana a kurkuku ba.

Ɗaurin bai rage masa kasuwa ba. Ya fito ya ci gaba, kuma a shekarunsa na ƙarshe katangar da ke tsakanin camama da manyan finafinai ta fara rushewa. Furodusoshin da a da ke ganin 'yan camama ba ajinsu ba ne suka koma neman sa, domin sun gane fitowarsa uku a fim na iya mayar da kuɗin da aka zuba. Andamali na cikin finafinan wannan zango da mutane ke tunawa.

Kuɗin dariya

Tambayar da ake yi wa duk wanda ya yi irin wannan tashe ita ce: ina kuɗin? Tsarin kasuwar bai ba ɗan wasa rabo a cinikin fim ba. Ana biyan sa kuɗin aiki ne a wurin ɗauka, shi ke nan. Furodusa ya kai fim wurin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, su buga, su rarraba. Daga nan masu satar fasaha su karɓa. Faifan da ya tsallaka iyaka ta Magama, in ya isa can, wani zai zauna da na'urarsa ya buga ɗaruruwa, ba sisin da zai dawo Kano. Yaɗuwar da ta sa sunan Ibro ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba, ita ce kuma ta hana shi cin moriyar sunan yadda ya kamata. Abin da ke cike giɓin shi ne yawan aiki, fim bayan fim ba hutu, da wasannin Sallah da 'yan fim kan fita yi a garuruwan Arewa da na Nijar, inda ake biyan kuɗin ƙofa a ga mutum ido da ido. Can ne ɗan kaman ke komawa da'irarsa ta asali.

Daga baya ma faifan ya mutu. 'Yan dawunlodin suka zo, ana tura fim goma a katin waya da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Wannan guguwa ta fara kaɗawa ne a daidai shekarun da jikinsa ya fara gazawa.

Ya sha fama da ciwon ƙoda. An sha yaɗa jita-jitar mutuwarsa yana raye, har ta kai ranar da abin ya tabbata wasu sun ƙi yarda sai da suka ji a rediyo. Ya rasu a Kano ranar Laraba 10 ga Disamba 2014, yana da shekara kusan 43. In aka ce tsohon hannu sai a zaci dattijo ne, alhali ko hamsin bai kai ba. Shekarunsa a gaban kyamara ba su kai ashirin ba. Yawan aikin ne ya sa ake jin kamar ya shekara arba'in ana kallonsa.

Waɗanda suka riga shi farawa sun daɗe bayansa. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Shi Karkuzu sai da ya kai ga fitowa yana neman taimako, ido ya tafi, ba muhalli, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Haka muke yi da masu ba mu dariya: a tafa musu a dandali, in sun nemi aure a ce ɗan wasa ne, in sun tsufa a tuna da su ranar ta'aziyya. Bahaushe na son raha ƙwarai, amma bai taɓa yarda mai yin ta ya zauna a sahun gaba ba, kuma 'yan fim ɗin ma da ake yi wa wannan kallo sun juya sun yi wa 'yan camama irinsa.

Bayan jar hula

Bosho da Daushe da sauransu sun riƙe fagen gwargwadon iko, amma kasuwar da ta haifi camama ta riga ta watse. Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, finafinai suka koma masu dogon zango a talabijin da YouTube. Barkwanci kuwa ya ƙaura zuwa waya. Yau yaron da ke Daddara ba ya buƙatar furodusa ko ɗan kasuwar Ƙofar Wambai. Da waya ɗaya da abokinsa zai yi wasan minti guda ya ɗora a TikTok, kafin magariba an gani a Maraɗi. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan Jibiya ta hana zaman dare a wurare da dama. Shinkafa ta tsaya, motoci sun yi layi, amma gutsattsarin tsofaffin finafinan Ibro ba su daina yawo daga waya zuwa waya ba. Akasarinsu ma ba masu su ne suka ɗora ba, an yayyanka su, hoton ya dushe, ba sunan darakta balle shekarar da aka yi. Mai son ya jera aikin mutumin nan daga farko zuwa ƙarshe zai sha wuya.

Su ma magadan nasa na waya sun gaji filin ba tare da katanga ba. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta sami wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok da laifin ɓata sunan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, a wani ɗan bidiyo da suka yi. Hukuncin: bulala ashirin-ashirin, tarar naira 10,000 kowannensu, da sharar harabar kotu na kwana talatin.